Yarinyar da Ba Wanda Ya Zaɓa a Aji Biyar

Torleif, Sunniva, ku zauna. Ajiye wayar nan, Torleif, ba guduwa za ta yi ba. Wata guda ke nan ba ku ci abinci a tebur ɗaya ba saboda maganar malamin aji biyar, kowannenku yana kawo mini rabin labari. Shekara talatin da ɗaya ina share makarantar nan, kuma mutumin da kuke faɗa a kansa a ɗakin ƙasa na gidana yake haya. Zan ɗauko muku zancen daga tushe. Kada wanda ya katse ni.

Vegard Straume ya sauka daga jirgin fito a farkon watan Agusta da akwatuna shida da takardar aikin shekara ɗaya. Shugabar makaranta ta ce masa idan ya yi abin kirki za a tabbatar da shi a watan Yuni. Abin da yake so ke nan a duniya. Ya yi makaranta huɗu cikin shekara huɗu, ko'ina ɗan riƙon ƙwarya, ya gaji da ɗaure kaya da kwance kaya. Yana da kai, yana da ƙwazo, ba shi da mugunta. Aibinsa gaggawa, da raina duk abin da ba shi ya ƙirƙiro ba.

Ajin da aka ba shi ajin Borghild ne, wadda ta riƙe yaran tun daga aji ɗaya har ta yi ritaya. Kafin a buɗe makaranta ta zo ta zagaya da shi. Ta ce kullum da safe takan tsaya a bakin ƙofa, ta ba kowane yaro hannu, ta kira sunansa, ta dubi idonsa. Takalma a jere a ƙarƙashin maratayi. Yara biyu su ɗauko madara su goge allo, kowane mako a canza. Lokacin cin abinci kowa a kujerarsa, ta kunna kyandir idan hunturu ne, ta karanta musu littafi suna ci. Da tashi kuma a sake ba da hannu. Sai ta sauko da wani tsohon gwangwanin kofi cike da 'yan sanduna, kowanne da sunan yaro. Duk Litinin ake zaro su biyu-biyu, wanda sandarka ta fito da tasa shi ne abokin zamanka na makon.

Vegard ya juya gwangwanin a hannu, ya ce 'yan shekara goma sun isa su zaɓi wanda suke so su zauna da shi.

Borghild ta ce, "Su goma sha biyar ne, Vegard. Raba sha biyar biyu-biyu ka gani."

Ya yi dariya, ya ce lissafi ai shi ne fanninsa. Ta sa rigar ruwanta ta tafi.

Makon farko ya bi tsarinta, amma da agogo a hannu. Ya auna gaisuwa, ya auna jera takalma, ya auna karatun littafi da zaren sanduna, ya samu minti talatin da biyar a rana. A ransa ya ce wannan asara ce. Minti talatin da biyar sau biyar a mako kusan awa uku ne na darasi, kuma abin da shugaba za ta duba a watan Yuni sakamakon karatu da lissafi ne, ba yawan hannun da aka sha ba.

Gaisuwar ƙofa ya fara yarwa. Yara na shigowa, shi yana kan teburinsa yana haɗa na'ura da allo. Takalma suka koma tsibi. Lokacin abinci ya riƙa rage haske ya sa musu fim, ya ce kowa ya zauna inda yake so, shi kuma ya sunkuya yana duba takardu. Gwangwanin ya tura shi saman kabad. Yara suka yi murna, suka je gida suna cewa ba a taɓa malami kamarsa ba. A watan Nuwamba ya yi musu gwaji, maki ya ɗan tashi, ya zana shi a takarda ya kai wa shugaba. Ranar har waƙa yake yi a matakalar gidana.

Daga nan abin ya soma juyawa. Yaran da suka shigo ba wanda ya tare su, da rikicin motar makaranta suke shigowa, su zauna da shi. Sai ya yi minti goma yana neman a yi shiru. Madara ta zama abin gardama, allo ba mai gogewa. Ya fara ɗaga murya, abin da bai taɓa yi ba. Mintocin da ya tara suka tafi a tsawa. Bai ga haɗin wannan da wancan ba. Ya ce ajin ne mai wuya, Borghild ta sangarta su.

Akwai yarinya a ajin, Tuva, 'yar Arnfinn mai aikin kiwon kifi a keji cikin teku. Uwarta tana aiki a gidan tsofaffi. Yarinya ce mai shiru, ba wanda ya tsane ta, ba wanda ya taɓa dukanta ko zaginta. Kawai dai ba a zaɓe ta ba. Tun a mota yaran suke gama shirya wa zai zauna da wa, biyu-biyu sau bakwai suka tashi daidai, ita ta rage. Shekara huɗu sanda ce take nemo mata abokiyar zama, idan tata ta fito a ƙarshe Borghild ta haɗa su uku, ba wanda ya taɓa lura akwai ragowa. Yanzu kowa ya gani, ita ma ta gani.

Mako biyu tana ci ita kaɗai a tebur na ƙarshe. Sannan ta fara neman izinin zuwa bayi da an sa fim. Daga baya ta daina neman izini. Takan ɗauki ƙunshin burodinta ta shiga ɗakin shanya kaya, ta zauna a tsakanin jiƙaƙƙun rigunan sanyi ta ci, ta dawo kafin ƙararrawa. Vegard yana nan a ajin, haske a rage, kansa a sunkuye.

A ƙarshen Janairu na ja injin ɗumama ɗakin shanyar don in share bayansa, sai ga takardun ƙunshin burodi, an naɗe su tsaf an cusa. Kun san yadda uwaye ke rubuta 'yar magana a jikin takardar. Hannu ɗaya ne a dukansu. "Ki cinye duka, 'yar gidana." "Ki gaishe da ƙawayenki." Na zuba su a bokiti, na jira yara suka tashi, na juye masa a kan tebur.

Ya ɗago ya tambaye ni ko ɓeraye ne suka shigo.

Na ce, "Ɓera ba ya karatu. Karanta."

Ya karanta uku. Fuskarsa ta canza. Ya ce shi bai sani ba, me ya sa ba ta gaya masa ba?

"A ina za ta gaya maka? Ka bar mata wurin da za ta same ka? Ba ka ƙofa, ba ka tebur. Da Borghild ce, tun rana ta biyu ta ji a hannun yarinyar."

A nan ne zai iya gyarawa. Kamata ya yi ya kira iyayen, ya gaya wa shugaba, ya sauko da gwangwanin ranar Litinin ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. Amma abin da ya fara faɗo masa a rai watan Yuni ne. Idan shugaba ta ji yarinya ta yi wata uku tana ci a ɗakin shanya bai sani ba, aikin ya tafi. Ya ƙudurta zai kashe maganar a rana ɗaya kafin kowa ya ji.

Washegari ya tara ajin a da'ira. Ya yi musu jawabi mai kyau kan zumunci, don baki yana da shi. Sannan ya ce akwai wadda aka bari ita kaɗai a cikinsu, ya faɗi sunanta, ya tambaya wa zai zauna da Tuva yau. Yara suka dubi safarsu. Can sai Ingunn ta ɗaga hannu. Eh, Sunniva, Ingunn taki, jikata, kada ki kau da kai. Ta ce, "Idan dole ne, ni zan zauna."

Ba da mugunta ta faɗa ba, a ganinta taimako ta yi. Tuva ba ta yi kuka ba. Ta ci burodinta a gefen Ingunn, ta gama ranar, ta hau mota. Washegari kujerarta ba kowa. Jibi ma haka.

Ranar Juma'a Arnfinn ya zo da kayan aikinsa a jiki, yana warin kifi. Bai zauna ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce sun nema mata wuri a makarantar tsallaken ruwa, an karɓe ta. Vegard ya fara bayani, ya ce maki ya tashi, ya ce ya yi niyyar alheri.

Arnfinn ya ce, "Ban ce kai mugu ba ne. Ni kullum da safe sai na zagaya keji na ga wane kifi ne ba ya ci. Kai sha biyar aka ba ka."

Ya kwashe takalman ɗaki na 'yarsa daga ƙarƙashin tsibin takalma, ya fita. Tun daga ranar yarinya 'yar shekara goma take tashi ƙarfe shida, ta shiga jirgin fito a cikin duhun hunturu, minti arba'in zuwa, arba'in dawowa.

Shugaba ta kira Vegard a makon da ya biyo. Ta ce maganar tabbatarwa ta mutu, ba saboda bai lura ba kaɗai, har da ɓoye mata da ya yi. Iyakar abin da za ta iya shi ne ƙarin shekara ɗaya, shi ma sai ta ji ta bakin kwamitin iyaye. Takardar makin da ya zana tana kan teburinta, ta miƙa masa abinsa.

Kwana uku bai ci abin kirki ba. Ran Lahadi ya taka zuwa gidan Borghild. Ta bar shi a tsaye har ta gama toya waina, sannan ta zuba masa kofi. Ya ce zai dawo da komai gobe, gaisuwa da kyandir da littafi da sanduna. Ta ce gaggawar ce dai har yanzu. Ta ce ya ɗauki abu ɗaya, ya yi shi kullum, ko da yara sun yi masa dariya.

Ya ɗauki ƙofa. Ƙarfe takwas da kwata ya tsaya, iska na shigowa ta baranda, hannunsa a miƙe. Yara suka raɓa shi suka wuce. Wani ya ce, "Vegard, ka zama Borghild ne? Saura tabarau da gashi fari." Ya kira sunan yaron, ya ce barka da safiya. Ya yi haka washegari, da jibi, da mako mai zuwa. Ranar da mura ta kama shi ma ya tsaya. Sai bayan wata guda ya dawo da zaren sanduna, bayan Ista ya kashe fim ya ɗauko littafi. Da farko suna jifan juna da ɓawon lemo yana karatu. Yanzu idan ya tsaya a tsakiyar babi sukan yi masa ƙorafi. Shekaranjiya na tsaya da tsintsiyata na duba, cikin sha huɗu, sha ɗaya suka ba shi hannu. Ingunn tana cikin ukun da ba su ba da ba.

Tuva ba ta dawo ba, kuma ba za ta dawo ba. Ya rubuta wa iyayenta takarda, suka amsa da layi biyu. Ubanta ya ce ta samu ƙawa a can, ba zai sake tumɓuke ta ba. Akwatuna shida na Vegard suna nan a ƙarƙashin matakalata, bai yar da su ba, bai kuma fara cika su ba. Kai Torleif, shugaban kwamiti, ka ce ya gyaru, a bar shi. Ke Sunniva kin ce wanda ya kunyata yarinya a gaban aji, ya kuma sa 'yarki ta faɗi maganar da har yau take hana ta sakewa, bai cancanci wata shekara ba. Kowannenku yana da gaskiyarsa.

Darasin dai ba ɓoyayye ba ne. Ƙananan abubuwan da ake yi kullum, gaisuwa da jera takalma da cin abinci tare, ba ɓata lokaci ba ne, su ne idon da babba yake ganin yaro da shi. Wanda ya samu wata al'ada a wuri, ya tambayi abin da take tsarewa kafin ya cire ta. Wanda kuma ya yi ɓarna, kada ya yi gaggawar rufe ta don ya tsira da kansa, gyaran gaggawa ya fi ɓarnar ciwo. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya, amma rana ɗaya ta isa a cike ta da ƙasa. Ni na faɗi nawa. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna, kuma ba na so 'ya'yana biyu su shiga ɗakin suna harar juna a gaban gari. Ga kofi a kan murhu. Ku yanke a nan ko Vegard zai zauna ko zai tafi, ku fito mini da magana ɗaya.