Dunƙule, Kwikwiyo Mai Tusa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

To, ku gyara zama. Wanda ya san ya ci wake yau, ya koma can bayan tabarma, don tatsuniyar nan da shi take.

Wata yarinya ce wai ita Tasalla, tana zaune wurin kakanninta. Kakarta Gwamma mai ƙosai ce, kakanta Jatau kuwa maharbi. Ran nan Tasalla ta je ɗiban ruwa, sai ta tsinci kwikwiyo a gindin kuka, baƙi wuluk da farar wutsiya, ya dunƙule kamar curin fura. Ta sa masa suna Dunƙule, ta rungumo shi gida.

Jatau ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ke jikalle, gidan nan ba a ajiye karen banza. Dila ya kusa ƙarar da kajin kakarki. In kwikwiyon nan zai zauna, sai ya san abu uku: in an ce zo ya zo, in an ce kwanta ya kwanta, in an ce bari ya bari. In ya kasa, fatake zan ba shi su yi gaba da shi."

Tasalla ta ce, "Zai iya, Kaka."

Ta ɗebi ƙosai a matsamin Gwamma. Ta ce, "Dunƙule, zo!" Ya zo, ta ba shi ƙosai. Ta ce, "Dunƙule, kwanta!" Ya kwanta, ta ba shi ƙosai. Ya kama takalmin Jatau yana tauna, ta ce, "Dunƙule, bari!" Ya saki, ta ba shi ƙosai. Kullum haka, kullum haka. Kai, ba a taɓa ganin kwikwiyo mai ladabin Dunƙule ba.

Amma fa kun san ƙosai da wake ake yinsa. Cikin Dunƙule ya kumbura tim kamar ganga.

Ana cikin cin tuwo, sai aka ji ɓuuut! Kaji suka watse. Gwamma ta toshe hanci da gefen zane, ta ce, "Haba Maigida, a gaban jika?"

Jatau ya ce, "Ni? Wannan karen ne!"

To, ran nan gaskiya ya faɗa. Amma tun daga ranar, duk abin da aka ji a gidan, sai Jatau ya yi wuf ya nuna kare.

Sai ranar da za a fita neman Dila. Kun san dabarar maharba: su ɗaura kan burtu a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su yi ta rarrafe suna kaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo, namun daji ba sa gudunsa. Jatau ya ɗaura nasa. Tasalla ta biyo shi, don Dunƙule maganarta kaɗai yake ji. Suka hangi Dila a inuwar sabara yana sakace. Tasalla ta raɗa, "Kwanta." Dunƙule ya kwanta luf. Jatau ya rarrafa, ya rarrafa, ya ɗana kibiya, ya ja baka.

Ɓuuut!

Dila ya zabura, ya shinshina iska, ya ce, "Yau ga burtu mai warin wake!" Ya sheƙa a guje yana ƙyaƙyata dariya.

Jatau ya cire kan burtu ya yi jifa da shi, ya ce, "Shi ke nan! Ran kasuwa fatake za su zo."

Tasalla ta zauna bayan rumbu ta yi ta kuka, don tana son kwikwiyon nan kamar ranta. Dunƙule ya ɗora kai a ƙafarta, ya ce, "Ni fa duk abin da kika ce na yi. Cikin ne ba ya jin magana."

Ta goya shi, ta tafi neman magani. Ta tarar da Akuya, ta ce, "Akuya, Akuya, mene ne maganin tusa?" Akuya ta ce, "Ki ba shi ganye, ya tauna, ya dawo da shi ya sake taunawa." Dunƙule ya ce, "Allah ya kiyaye."

Ta tarar da Jaki, ta ce, "Jaki, Jaki, mene ne maganin tusa?" Jaki ya ce, "Au, ciwo ne? Ni da nake yi a tsakiyar kasuwa kaina a sama?" Ya kuwa ɗaga wutsiya zai gwada musu, suka ruga.

Ta tarar da wata tsohuwar Karya a bayan rumfar mahauta, ta ce, "Iya, Iya, mene ne maganin tusa?"

Karya ta buɗe ido ɗaya, ta ce, "Me kike ba shi?"

"Ƙosai."

"Yaushe da yaushe?"

"Duk sanda ya ji magana."

Karya ta yi dariya har da birgima. Ta ce, "Wayyo cikina! Ashe ladabinsa ne yake kumbura shi. Yarinya, raba shi da wake. Ki ba shi tuwon dawa da romo, kaɗan-kaɗan, a faffaɗan kasko don kada ya yi ta zubawa yana haɗiyar iska. In ya ci, ki zaga gari da shi."

Tasalla ta yi godiya, ta yi yadda aka ce. Ciki ya saɓe, gida ya huta. Sai dai kuma wata sabuwa! Ta ce, "Dunƙule, kwanta!" Ya ce, "Ina ƙosai?" Ta ce, "Babu." Ya ce, "To, babu kwanciya." Ya juya mata ƙeya.

Da wani ne da ya ɗauko bulala. Tasalla ba ta ɗauko ba. Ta zauna kusa da shi, ta sosa masa bayan kunne, ta shiga yi masa kirari:

"Dunƙule na Tasalla,
Baƙi mai farar wutsiya,
Kunne biyu, duk na jin magana!"

Wutsiya ta fara kaɗawa da kanta. Kafin ta rufe baki, ya kwanta. Ashe kirari ya fi masa ƙosai daɗi. Da haka ta sake koya masa zo, da kwanta, da bari. Ana gobe kasuwa ta roƙi kakanta a fita sau ɗaya tak. Ya yi ta gunaguni, amma ya ɗauko kan burtunsa.

Dila kuwa ya ji labari hankalinsa ya tashi, don tusar nan ita ce mai tsaronsa. Ya lallaɓa ya sace ƙwaryar ƙosan Gwamma, ya jera a kan hanya.

Suna tafe, sai ga ƙosai ɗaya a kan ganye. Tasalla ta ce, "Bari." Dunƙule ya wuce. Suka ƙara gaba, sai ga tuli guda. Ta ce, "Bari." Ya haɗiye yawu, ya wuce. Suka ƙara gaba, sai ga ƙwarya cike da ƙosai, da ɗuminsa, an barbaɗe shi da yaji. Dunƙule ya tsaya cak, yawu na dalala. Tasalla ta matso kusa. Ta sunkuya ta raɗa masa, "Kunne biyu, duk na jin magana. Bari." Dunƙule ya runtse ido, ya tsallake ƙwarya.

Dila na laɓe yana kallo. Ya ce, "Wannan ƙosai haka ya tafi a banza?" Ya bi baya ya cinye na ganye, ya cinye tuli, ya share ƙwarya tas. Sannan ya shige cikin gamba ya yi lamo.

Jatau ya rarrafa nan, ya rarrafa can, babu Dila babu alamarsa. Can sai aka ji ɓuuuuut! Har ciyawa ta kwanta.

Jatau ya waiwayo a fusace, ya ce, "Kai kuma?"

Tasalla ta ce, "Kaka, ba shi ba ne! Dubi gamba!"

Dila ya yunƙura zai gudu, ciki ya yi nauyi. Dunƙule ya yi tsalle ya cafke wutsiyarsa. Dila ya shiga roƙo, ya rantse shi da kajin Gwamma har abada. Tasalla ta ce, "Bari." Dunƙule ya saki. Dila ya tafi yana gudu yana ɓut, ɓut, ɓut, har ya ɓace.

Ran kasuwa fatake suka zo, suka ce, "Ina kwikwiyon?" Jatau ya ce, "Wane kwikwiyo? Wannan ɗan gida ne, ku yi gaba."

Da yamma ana cin tuwo, sai aka ji ɓuut. Jatau ya ɗaga hannu zai nuna kare, sai ya ga Dunƙule can ƙofar gida a kwance, cikinsa lafiya lau. Gwamma ta dube shi. Tasalla ta dube shi. Tsoho ya sauke hannu a hankali, ya ce, "Jikalle, gobe ni ma a sa mini tuwon dawa da romo."

To kun ji. In za ka koya wa ƙarami ladabi, ka duba abin da kake saka masa da shi, kuma lallashi ya fi bulala.

Ƙurunƙus, na ɗaure ta a wutsiyar Dila ya tafi da ita. Wanda ya yi abin nan da na ji ɗazu kuwa, gidan nan babu kare, sai ya fito da kansa.