Gwiwar da Aka Bar wa Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari tun zamanin da ba mota, ana ce masa Nomau. Maciji ya sare shi a gona, ƙafa ta ruɓe, aka yanke ta ƙasan gwiwa. Masassaƙi ya yi masa ta ice, ya riƙa ɗaura ta da tsumma yana zuwa kasuwa sayar da igiya. Gari ya ɗauka: Nomau jarumi, Nomau jarumi. Ku saurara, yabo da daɗi. Ni ko "sannu Malam" aka ce mini, sai wa'azi ya ƙara tsawo, ku ne shaida.

To, akwai wani dattijo, Baba Cindo, katanga ta faɗo masa, shi ma aka yanke masa ƙafa. An yi masa ta ice, ya kasa tashi. Ɗansa Ilu ya gaji da ɗauka da ajiyewa, ya ce daga yau ba mai kai masa tuwo ɗaki, in yunwa ta ishe shi ya tako zaure. Ya kirawo Nomau don tsohon ya ji kunya.

"Baba, dubi mutum! Ƙafa ɗaya kamar kai, har kasuwa."

Tsohon ya juya fuska bango. "Na gan shi."

Nomau ya zauna ƙasa, ya kwance tsumman, ya ajiye icen gefe. Dungun duk ya kumbura ya saɓule.

"Ilu, matso. Ka ga wannan? Gwiwa ce aka bar mini, ita ke tafiyar. Baba a cinya aka yanke shi, da ƙugu zai ja icen nan. Ni kamar kara nake, shi ga jiki, ga shekaru, ga haki. Ni ɗin ma in na dawo kasuwa, da rarrafe nake shiga ɗaki. Matata kaɗai ta sani."

Ilu ya ce, "To jarumtakar da ake faɗa fa?"

"Ba ni na faɗa ba. Shiru dai na yi, don ta yi mini daɗi."

Ilu ya shiga cikin gida, ya ɗauko akushin tuwo, ya durƙusa gaban ubansa.

Jama'a, bawan Allahn nan girmansa ya bayar don tsoho ya ci tuwo. Gaskiya ke nan, ko za ta rage ka a idon mutane. Kafin ka ce wa majinyacin gidanka "dubi wane", bincika abin da aka bar wa wane. In kuwa kai ne wanen, buɗe baki ka faɗa. Allah ya ba masu jinya haƙuri. Mu tashi haka, kun gaji, na gaji.