Sallau da Ƙafa ta Uku ta Fulogi

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, ana ce masa Sallau mai wayarin. Bawan Allah ne, ba shi da komai sai jakar kayan aiki da tsohon keke.

Wata rana Alhaji Mamuda, attajirin unguwar, ya aika a kira shi. Ya sayo rediyo mai manyan sifikoki, amma da an kunna sai ƙugi ya taso ƙarƙashin sautin, kamar injin niƙa a maƙwabta. Sallau ya buɗe soket ɗaya, ya buɗe na biyu, ya bi waya har gindin mita.

Ya ce, "Alhaji, rediyonka lafiyarsa lau. Wayarin gidan ne. Wayoyin sirara ne, wadda ke kai wuta ƙasa kuma ta kwance. Sai an sake."

Alhaji ya ce, "A fasa mini bangon da aka gama wa fenti? An ce in aka guntule ƙafa ta uku ta fulogi, ƙugin zai ɗauke. Guntule."

"Zai ɗauke, ranka ya daɗe. Amma ƙafar nan ita ke kai wuta ƙasa ranar da ta ɓalle cikin ƙarfen rediyon. In babu ita, ta jikin mutum za ta bi. Ba da hannuna ba."

Ku saurara, jama'a. Aikin minti ɗaya ne da filaya, kuma ranar ba a ɗora tukunya a gidan Sallau ba. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Alhaji ya bi majalisa majalisa yana cewa Sallau bai san aiki ba. Aka daina kiransa, har ya sayar da keken. Wani ya zo ya guntule ƙafar, sauti ya fita tar, baƙi suna ta yabawa.

Bayan wata biyar, Hajiya Uwani, matar Alhaji, tana goge falo ba takalmi, ƙasa a jiƙe. Ta kama rediyon za ta matsar, wuta ta riƙe ta. Kafin a kashe mita rai ya yi halinsa.

Sallau ya je jana'iza, ya tsaya a sahun baya yana hawaye. Wallahi bai ce wa kowa "na faɗa" ba. Kansa ya yi ta tuhuma, don me bai koma ya ƙara roƙon Alhaji ba.

'Yan'uwa, gaskiya tana da tsada, amma tana tsare rai. Kai mai sana'a, kada yunwa ta sa hannunka ya yi abin da ka san zai iya kisa. Kai mai gida, in an nuna maka ɓarna, ka gyara, kada ka nemi mai rufe ta. Sau da yawa ba kai za ta ci ba, wanda ka fi so za ta ci.