Mai Kwaikwayon da Ya Ƙi Jan Ƙafa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, tun zamanin da babu rediyo balle majigi, sunansa Mantau. Sana'arsa kwaikwayo. Na ga wasunku sun yamutsa fuska. Na sani, an rene mu ana cewa makaɗi da mawaƙi da ɗan wasa ba su da kunya, ba a ba su aure, ba a kafa misali da su a wurin wa'azi. Ni dai har na tsufa ban ga wanda ya leƙa lahira ya dawo ya ce mana ga inda aka ajiye su ba. To ku saurara.

Mantau yana cikin wasu 'yan wasa masu yawo gari gari bayan kaka. Uban tafiyarsu Barmo, shi ke waƙa, makaɗa na biye da shi. Mantau ba ya waƙa, ba ya kiɗa. In sun sauka a gari sai ya nufi kasuwa, ya raɓe a gindin rumfa yana kallon mutane. In an buɗe fage da la'asar sai ya shigo da tafiyar wani, da tarin wani, jama'a su kwashe da dariya suna ihu, "Wane ne! Wallahi wane ne!" Ƙa'idar sana'ar ke nan: ɗan wasa ba ya kama suna, jama'a ke kamawa. Ku riƙe wannan.

Wata shekara suka faɗa wani gari da zazzaɓi ya shiga. Makara ba ta hutawa. Mutane sun daina haɗa ido, kowa na raɗa cewa akwai mai lashe musu 'ya'ya. Ɗan mai unguwa ma, saurayi ƙaƙƙarfa, yana kwance yana sambatu.

Mantau ya je kasuwa yadda ya saba. Ya ga wata tsohuwa mai daddawa, Kuluwa, mijinta ya rasu, tana jan ƙafar hagu, tana 'yan maganganu ita kaɗai. Da ya koma masauki ya tarar da abokansa sun yi jugum, sai ya ɗora akushi a ka, ya ja ƙafa, ya yi ƙunƙuni irin nata don ya ba su dariya. Suka yi dariya kuwa. Baran mai unguwa da ya kawo musu tuwo yana tsaye a bakin zaure. Shi bai yi dariya ba.

Kafin rana ta faɗi an kira Barmo da Mantau.

Mai unguwa ya ce, "An buga mini ƙasa. An ce mace ce, mai jan ƙafa. Ni uban kowa ne, ba zan kama sunan kowa ba. Ku ma na ji ba kwa kama suna. Gobe ku yi mana wasan mayya. Kai kuma ka shigo da tafiyar nan da ka yi a zaure."

Mantau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, in na yi, jifan ta za su yi."

"Na ce a jefi wani? Kai za ka ce a jefi wani? Tafiya kawai za ka yi, malam. Jakunanku da gangunanku suna gidana, an ba su wuri mai kyau."

Kun ji? Ba wanda zai yi kisa, amma za a yi gawa.

A hanya Barmo ya ce, "Kai Mantau, ka kwaikwayi liman, ka kwaikwayi alƙali, ka kwaikwayi surukata a gaban idonta. Yau tsohuwa mai warin daddawa ce ta gagare ka?"

"Baba, waɗancan duk sun wayi gari sun ci ɗumamensu."

"To mu fa? Ka ga samarin da aka zuba a ƙofar gari? Mutanen nan sun binne 'ya'yansu, sai sun ci wani. In ba ka miƙa musu ita ba, wa kake jin za su ci?"

Mantau ya wuce masauki. Kada ku ɗauka jarumi ne. Makaɗan da suka riƙe labarin nan sun ce daren nan ko tuwo bai ci ba don tsoro.

Washegari da la'asar fage ya cika. Ba guɗa, ba tafi. Maza sun zo da sanduna, aljihunsu ya yi nauyi da duwatsu. Kuluwa kuwa, ganin an yi taro, ta ɗauko faifanta ta zauna a gefe ko za ta yi ciniki. Ba ta san komai ba.

Kalangu ya ɗauka. Barmo ya buɗe murya: "Wa ke shiga gida ba sallama? Wa ke ƙoshi ba ta hura wuta ba?" 'Yan amshi suka karɓa. Aka buɗe wa Mantau hanya.

Ya fito lulluɓe da tsohon zane, akushi a ka. Kowa ya zuba wa ƙafarsa ido. Sai ya sauke akushin, ya yaye zanen, ya tako tsakiyar fage sarai. Abokansa da suka yi shekara da shekaru tare da shi, sai ran nan suka lura da yadda tasa tafiyar take.

Ya ce, "Jama'a, yau ba kowa a jikina. Ni kaɗai ne. Ban san mai kashe muku 'ya'ya ba. Zazzaɓi na gani, Allah ya yaye muku."

Kiɗa ya mutu. Wurin ya yi tsit, har ana jin kukan ƙudaje a kan faifan daddawa. Can sai baran mai unguwa ya ɗaga murya: "Mutumin da ke ɗauke muryar mutane, ya ɗauke tafiyarsu, me zai hana shi ɗauke kurwarsu?"

Da'irar ta fara matsowa. Barmo ya raɗa masa, "Ja ƙafar. Don girman Allah, ja ƙafar nan, yanzu ma bai ɓaci ba."

Ku saurara da kyau, nan ne wurin. Ba jan ƙafa kaɗai ya ƙi ba. Ko duban inda Kuluwa take bai yi ba, domin ya san idon jama'a a kan idonsa yake, duk inda ya waiga can za su waiga. Sai ya kafe idonsa a ƙasa. Sandar farko a haka ta same shi.

Suka yi masa duka, suka tuɓe shi, suka ja shi har ɗakin ɗan mai unguwa, suka tilasta shi ya tsallake marar lafiyan, yadda ake yi wa wanda aka ce maye ne don ya saki kurwa. Suka jefar da shi bayan ganuwa. Da ana jan sa ta gaban Kuluwa, ita ma tofar da yawu ta yi, ta ce, "Allah ya tona asirinka, mugu."

Bayan 'yan kwanaki saurayin ya miƙe. Zazzaɓi ne, wani ya tafi da shi, wani ya bar shi. Amma wa zai gaya wa garin nan haka? Cewa suka yi, "Kun gani? Ya saki." Sunan maye ya riga shi isa kowace kasuwa. Ba uban tafiyar da ya sake ɗaukar sa, ba fagen da aka sake buɗe masa. Ya ƙare yana faskare a wani gari mai nisa, in ya wuce mata na janye 'ya'yansu. Masu ba da labarin nan sukan ƙara cewa daga baya gaskiya ta fito, aka nemi gafararsa, ya yi arziki. Ni ban ji haka ba, kuma ba zan ƙara don ku ji daɗi ba. Abin da na ji shi ne Kuluwa ta mutu a kan tabarmarta, da tsufanta, ba ta taɓa sanin wanda ya sha mata duka ba. Ladansa yana wurin Wanda ya gani.

'Yan uwana, ga darasin a fili: rashin kama suna ba ya wanke kowa. Wanda ya nuna da ido, ko da taɓe baki, ko da kwaikwayon tafiya, hannunsa na cikin duk abin da ya biyo baya. Yau fagen yana tafin hannunku. Ki ɗauki waya ki yi habaici a zauren 'yan unguwa, ki tura hoton da aka yanke kai aka bar atamfar da kowa ya sani, sannan ki ce, "Ni ban ce wance ba." Mai unguwa ma haka ya ce. Ranar da jama'a suka taru suna jiran ki nuna musu wata, kina tsoron kada su juyo kanki, ki tuna ɗan wasan nan da muke rainawa. Ki sa idonki ƙasa, ki riƙe ƙafarki. Allah ya ba mu iko.