Gonar da Falke Cindo Ya Saya

An ruwaito daga littattafan mutanen da cewa a zamanin wani sarki mai son jin asalin kowane abu, an yi wani falke mai suna Cindo, wanda tafiya ta cinye wa ƙafa. Ya sayar da jakunansa kaf, ya sayi wata tsohuwar gona a bayan garin Rafin Marke, ya ce shi da fatauci haihata-haihata.

Kashegari ya je ganin abinsa, sai ya tarar da wata tsohuwa da doguwar gora tana kaɗe ɗorawar tsakiyar gonar, har da 'yar waƙarta. Bai gama riƙe baki ba sai ga garken shanun Fulani sun kewaye rijiyar gonar. Wayyo Cindo! Ba jaki ko ɗaya, ga gona ta zama kasuwa. Ya zarce fada ransa a ɓace.

"Allah ya ja zamanin sarki, an cuce ni. Duk abin da na mallaka na zuba a gonar nan, ashe ta gayya ce."

Sarki ya sa aka kirawo tsohuwar, sunanta Iya Tabawa, ya ce ta faɗi hujjarta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kakana Barmo ne ya sari dajin nan. Ranar sunan uwata ya dasa ɗorawar, ya ce tata ce da zuriyarta. Da ya sayar wa maƙeri Gagare, ƙasa ya sayar, ban da itace. Maƙerin ya haƙa rijiya sadaka ga mahaifinsa, ya ce mai ƙishi ya sha, mutum ko dabba. Daga shi sai wani mai gishiri, marowaci, ya kewaye gonar da ƙaya ya kore mu duka. Gona kuwa ta ƙi shi, har irin da ya shuka ta daina mayarwa. Wanda ya saya a hannunsa ya cire ƙayar, albarka ta dawo, shi ne ya sayar wa wannan bawan Allah."

Sarki ya dubi Cindo ya ce, "Faɗa mini abin da ya sa gona ta ƙi mai ƙaya. In ka gane, zaɓi naka ne, gona ko jakunanka. In ka kasa, ka zauna da kukanka."

Cindo ya sunkuyar da kai. Nan idonsa ya faɗa kan takalminsa, sai ya tuntsire da dariya.

"Ranka ya daɗe, ai amsar na tako ta har fada! Shanun da ke shan ruwan nan ba sa tashi sai sun biya da taki. Na riƙe gonata."

Fada ta ɗauki dariya, sarki ya ba shi fartanya da riga.

An ce shekarar nan sai da ya ƙara rumbu, miyarsa kuma ba ta sake rasa daddawar Iya ba. Da damina ya dasa giginya a bakin gonar, ya shelanta cewa ta fatake ce masu wucewa. Waziri ya tambaye shi dalili.

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, so nake wanda zai saya bayana shi ma ya zo fada da kuka, ya koma da dariya."

Masu hikima suka ce, wanda ya tarar da ƙofar alheri a buɗe, kada ya zama shi ne mai rufe ta.