Batirin da Ba a Zare Ba

A layin masu gyaran waya da kwamfuta akwai wani mai gyara da ake kira Sha-Yanzu. Hannunsa na da kyau, wannan ba mai musu. Aibinsa ɗaya ne: gaggawa. Aikin da wani zai yini a kai, shi kafin shayinka ya huce ya gama, kuma da wannan yake taƙama.

Wata safiya wata malamar makaranta ta kawo masa kwamfuta, irin wadda ake lanƙwasawa baya ta koma allon hannu. Gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, ba ya nuna komai.

"Malam, don Allah ka bi ta a hankali," ta ce. "Muryar marigayiya mahaifiyata na ciki, hirarrakin da muka yi a watanninta na ƙarshe. Ba ni da su a ko'ina kuma."

"Allah ya jiƙanta. Allo ne kawai, Malama. Irin wannan ko ido rufe."

Ƙa'idar aikin ita ce a kwance notin ƙasa guda takwas, a zare igiyar batir, sannan a taɓa allo. Sha-Yanzu ya daɗe da yar da wannan, kashe na'ura kawai yake yi. Ya gasa gefen gilashin da iska mai zafi, ya ɓanɓare shi.

Wani tsoho mai gyaran agogo da suke raba shago ya leƙo ta saman tabarau. "Ɗana, ka zare batir?"

"Baba, wannan fa ba agogon bango ba ne."

"To, sarkin gudu. Sauri dai kan haifi nawa."

Sha-Yanzu ya kai siririyar igiyar sabon allon mazauninta, sai ta ɗan karkace. Tas! Wani ƙyalli ya gilma, ƙauri ya biyo baya.

Ya danna makunni, shiru. Ya sake dannawa har yatsansa ya yi fari. Ya saci kallon malamar: tana kan benci tana duba littattafan ɗalibanta.

Sai yanzu ya kwance notin. Ya ɗora madubin ƙara girma. Ga baƙin tabo nan, daidai kan ma'ajiyar bayanai, kuma a irin wannan kwamfuta ma'ajiyar a liƙe take da uwar na'ura, wato babban faifan da ke ɗauke da kayan cikinta, ba a iya cire ta.

"Malam, kamar ina jin ƙauri?"

"A'a, gam ne ya ji zafi," ya ce.

Tsohon ya taso ya duba, ya yi salati a hankali. "Je ka faɗa mata."

"Baba, ka rufa min asiri, kai ka faɗa mata."

"A'a. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Taku huɗu ne zuwa bencin. Ya je ya durƙusa a gabanta ya faɗi gaskiya, yana jiran zagi. Ba ta zage shi ba. Jan biron hannunta ne kawai ya suɓuce ya faɗi.

Mako guda ya yi yana yawo da na'urar wurin manyan masu gyara, kowa ya duba sai ya girgiza kai. Ranar da malamar ta zo karɓar kayanta, tambaya ɗaya ta yi masa.

"Zare batirin nan, minti nawa yake ɗauka?"

Ya sunkuyar da kai. "Biyar."

"Ai da na jira, Malam," ta ce. "Ba inda za ni."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk ƙa'idar da ka tarar a sana'a, wata asara ce ta haife ta. Kada gwaninta ta sa ka tsallake ta, ko da ka tsallake sau ɗari ka tsira. Kayan da aka damƙa maka amana ne, kuma ba kowane abu ne ake samun madadinsa a kasuwa ba.