Akwatin Wutar Gwaggo Tela

Akwai wata dattijuwa a wata unguwa, kowa Gwaggo Tela yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Da keken ɗinki ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, da shi ta aurar da su, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Abin a yaba ne, sai dai abin ya yi mata yawa har ya zama ciwo. Ko allura ka ba ta kyauta, sai ta tambaye ka nawa ce.

'Ya'yan duk sun watse, kowa yana inda abincinsa ya kai shi. Wadda ta fi tsaya mata a rai ita ce Auta, da aure ya kai gari mai nisa. Auta tana da yara biyu, mace da namiji, amma Gwaggo ta fi sanin muryarsu a kan fuskarsu. Takan ɗinka musu kaya da kintace ta aika, sai Auta ta kira tana dariya ta ce, "Umma, wandon nan a gwiwa ya tsaya masa. Yaron fa ya wuce inda kika bar shi."

Gwaggo takan yi dariya ita ma. Idan ta ajiye wayar sai ta daɗe zaune, ƙafarta a kan keke, ba ta taka ba.

Zuwansu na ƙarshe, kwana ɗaya suka yi mata. Da safe mijin Auta ya durƙusa ya gaishe ta, kansa a ƙasa, ya ce za su koma masauki saboda yara. Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta dai ga yana share gumi, sai ta yanke wa kanta hukunci: gidanta ya yi musu zafi, gidan tsohuwar tela ne, bai kai a kwana a cikinsa ba.

Da za su tafi ya ba Auta kuɗi ta kawo mata, wai a ɗan yi gyara a gida. Ko taɓawa ba ta yi ba.

"Mayar masa," in ji ta. "Ban aurar da ke don a gyara mini gida ba."

Tun daga ranar abu ɗaya take so a duniya: jikokinta su kwana a ƙarƙashin rufinta. Ta ji numfashinsu ta bayan bango. Ta tashe su da safe su yi ta rigimar wanka, ta tarar da takalmansu warwatse a bakin ƙofa ta yi faɗa.

Sai ga shi wata rana Auta ta kira ta ce suna tafe idan an yi hutun makaranta.

Gwaggo ta zazzage duk abin da ta tara. Ta sa aka shafe ɗakin Auta na da da sabon fenti. Ta sayi ƙaramin firji, ta sayi abin ɗumama ruwan wanka. Abin da ya rage ta ware shi don na'urar sanyaya ɗaki, domin a ganinta wannan ce maganin komai. Don a duba yadda za a haɗa ta, ta aika aka kira mai gyaran wuta na unguwar, wani magidanci da ita ta ɗinka wa matarsa kayan aure.

Mutumin bai ko leƙa ɗakin ba. Ya ce a fara nuna masa akwatin wuta. Ta kai shi bayan ƙofar shigowa, inda wani tsohon akwatin ƙarfe yake manne a bango, tsatsa ta ci gefensa, gizo-gizo ya yi gida a samansa. Ya buɗe, ya kai hanci ya sunsuna, ya ɗora bayan hannunsa a kai.

"Gwaggo, akwatin nan ai ya girme ni."

"To sai ka gaishe shi, ka wuce ka yi abin da na kira ka."

Ya yi dariya. "Wallahi ba wasa nake ba. Wanda ya haɗa shi, don ƙwan fitila da fanka da dutsen guga ya haɗa shi. Yanzu kin ɗora masa firji, kin ɗora masa abin ɗumama ruwa, ga na'urar sanyi tana tafe. Ba zai ɗauka ba. Sai an cire shi an sa sabo, irin mai makunnan da suke faɗuwa da kansu idan kaya ya yi yawa. Wayar da ta taho daga mita ma sai an canza, ta yi siriri."

"Nawa?"

Ya faɗa mata. Kuɗin ya yi daidai da na na'urar sanyin, har da ɗan ɗoriya.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Akwati? Akwatin da yake bayan ƙofa? Wa zai shigo gidana ya ce kai, Gwaggo, akwatinki ya yi kyau? Zinariya za ka zuba a ciki?"

"Aikin ne da yawa, kayan kuma sun yi tsada. Ki yi akwatin bana, yaran su kwana da fanka. Na'urar sai baɗi. Ko kuma ki gaya wa surukinki, ai ba zai ƙi ba."

Nan ya taɓo inda yake mata ciwo.

"Surukina ba bankina ba ne. Za ka haɗa ko ba za ka haɗa ba?"

"A kan wannan akwatin? Ki yi haƙuri, Gwaggo, hannuna ba zai yi ba."

"To Allah ya ba mu alheri. Ka gaida matarka, ka ce mata rigar da ta kawo ta yi mata kaɗan, ta rage ci."

Ta je ta sayo na'urarta, mutanen shagon suka zo suka kafa, suka karɓi kuɗinsu suka tafi, ba wanda ya tambayi akwati. Ta kunna. Iska mai sanyi ta fara sauka a kan sabon zanin gado, ta lumshe ido tana ganin yaran kwance a wurin. Ba a jima ba sai ɗif, wuta ta ɗauke.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinta. Tun mijinta yana da rai ta iya canza wayar fis. Ta kashe babban makunni, ta zaro fis ɗin daga akwatin, wani farin tangaran, ta ga 'yar siririyar wayar ta tsinke. Ta sa wata. Ta sake tsinkewa. Ta sa ta uku, ita ma haka.

Ta tsaya tana jujjuya wayar a tafin hannunta, siririya kamar gashi. Sai dabararta ta tela ta motsa. Shekara da shekaru ta san abu ɗaya: idan zare yana tsinkewa a kan yadi mai kauri, ba yadin ake canzawa ba, zare mai ƙwari ake nema. Ta ɗauko wata tsohuwar wayar dutsen guga, ta feɗe ta da almakashi, ta ciro jan ƙarfen ciki, ta ninka shi, ta murɗe shi tamau yadda take murɗa zaren ɗinkin buhu, ta ɗaura a fis ɗin.

Ta kunna. Wuta ta zauna daram.

"Ka ji ɗan banza," in ji ta ita kaɗai. "Kuɗin na'ura guda a kan abin da zare ya gyara."

Abin da Gwaggo ba ta sani ba, siririyar wayar nan da gangan aka yi ta siririya. Aikinta ke nan ta tsinke kafin wayoyin cikin bango su yi zafi. Ita kuwa ta ɗaure mai gadin gidanta da hannunta, tana murna.

Ranar zuwansu tun hantsi ta kunna komai. Na'ura tana ta aiki don ɗaki ya yi sanyi, firji cike da abin sha, ruwan wanka yana ɗumi, ita kuma tana goge kayan da ta ɗinka musu. Da la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida.

Yarinyar ce ta fara shigowa da gudu, ta yi tsawo har ta kai kafaɗar kakarta. Yaron ya laɓe a bayan uwarsa yana leƙe.

"Au, angon nawa kunyata yake ji?" in ji Gwaggo. "Ka bar ni shekara da shekaru ba ko sabulu, yanzu ka zo kana ɓuya?"

"Ni ba na son tsohuwa," in ji yaron, kowa ya fashe da dariya.

Ta ja su zuwa ɗakin, ta buɗe ƙofa, sanyi ya buso. Yaran suka faɗa kan gado suna tsalle. Auta ta ce, "Umma! Duk wannan na mene ne?" Gwaggo ta saci kallon surukinta ta ga ko ya gani.

Shi kuwa yana tsaye a tsakar gida, hancinsa a sama.

"Umma, kamar ina jin ƙaurin roba."

"Maƙwabta ne suke ƙona shara."

Ya nufi bayan ƙofa. Kafin ya isa sai suka ji tas, tas, kamar ana fasa ƙananan duwatsu. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe daga akwatin, tartsatsi yana zuba a ƙasa, fentin bangon yana kumbura. Ya daka wa Auta tsawa ta fitar da yara. Ya yi waje da gudu ya kashe wutar daga wajen mita, maƙwabta suka kawo yashi aka watsa.

Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Amma akwatin ya narke, bangon ya yi baƙi ƙirin har sama, gidan kuma ba wuta ko ta ƙwan fitila ɗaya. Warin kuwa ya shiga ko'ina, har cikin sabon zanin gado.

Jakunkunan da ba a ko buɗe ba aka mayar cikin mota.

Auta ta dawo ta sami uwarta zaune a bakin gadon, hannuwanta a cinya.

"Umma, tashi mu tafi masauki tare."

"Na so ne su kwana a nan," in ji Gwaggo a hankali. "Na ce ko zafin ne ya kore ku wancan karon."

"Wane zafi? Umma, a ɗakin nan na girma, da mafici. Akwatin nan ne ya kore mu. Wancan zuwan ya taɓa shi ya ji shi da zafi kamar murhu, bai runtsa ba har gari ya waye, yana tsoron ya kama da yara a ciki. Kuɗin da kika mayar masa, na akwatin ne."

"To me ya hana shi faɗa?"

"Ya kalli idonki ya ce gidanki zai kama da wuta? Ni kuma da na buɗe baki, ba ki bar ni na kai ƙarshe ba. Da tabarma muka tarar da fanka, wallahi da mun kwana."

Gwaggo ta bi su masaukin. Nan ta yi kwanakin hutun, baƙuwa a ɗakin haya, jikokinta suna can wani ɗaki a ƙarshen baranda, ba ta jin ko tarinsu. Ranar komawarsu yaron ya saba da ita har yana riƙe mata gefen zani, yana cewa yaushe za su je gidan mai gado mai sanyi. Ta ce masa sai wani zuwan.

Bayan sun tafi, da ƙafarta ta taka har shagon mai gyaran wuta. Bai ce mata ai na faɗa miki ba. Ya dai zo ya duba, ya ce yanzu aikin ya ƙaru, domin wayoyin cikin bango ma sun ƙone, sai an fasa an zare su. Ta sayar da na'urar sanyin da asara, ta sayar da abin ɗumama ruwan, duk da haka kuɗin bai kai ba.

Ta daɗe tana kallon wayarta. Sannan ta kira surukinta, shi kansa, ba ta hannun Auta ba.

"Ɗana," in ji ta, "abin nan da ka taɓa bayarwa na mayar, in yana nan, ina so."

"Yana nan, Umma," ya ce. "Na gode."

Da aka gama aikin, mai gyaran ya kira ta ya nuna mata sabon akwatin, fari tas, makunnai jere a ciki. Ya ɗaga na ɗakinta, ya ɗaga na wurin ɗinki, ya ɗaga na tsakar gida, fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya. Ya kai hannu kan na ƙarshe.

"Wannan na ina ne?" ta tambaya.

"Na ɗakin Auta."

Hutun makaranta na gaba da sauran watanni masu yawa, kuma ba a ma tabbatar mijin zai sami dama a wurin aiki ba.

"Bar shi a ƙasa," in ji Gwaggo. "Idan sun zo, su ɗaga da kansu."

Darasi: Gyaran da ido ba ya gani shi ne yake riƙe da gida, kada ku kashe kuɗinku a kan abin nunawa ku bar abin da zai iya cin rai. Idan mai sana'a ya ce a canza akwatin wuta, a canza, kuma kada wanda ya kuskura ya ɗaura waya mai kauri a fis. Ku kuma iyaye 'yan uwana, ku rage girman kai. Idan naku sun ja baya, ku buɗe baki ku tambaye su dalili, kada ku zauna kuna yanke hukunci ku kaɗai, kuma karɓar taimakon ɗa ko suruki ba faɗuwa ba ce. Ku tura wa wasu su karanta, musamman masu tsoho ko tsohuwa a tsohon gida.